Shafin sayar da kayan babur ya ƙi buɗewa a wayata, kuma yana neman in amince da kukis

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina hawa Boxer tsakanin Zariya da Kaduna saboda aiki. Ina son in sayi hular kwano mai kyau da safar hannu da jaket ta intanet, domin na kasuwa ba su kwanta mini ba. Shafin da na samu ya ƙi aiki a Opera Mini, ya ce burauzata ba ta dace ba. Da na buɗe shi a Chrome sai wani allo ya tare ni wai in amince da kukis, na ji tsoro na fita. Satar bayanai ce? Kuma ta yaya zan gane kayan na gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sana'ata gina shafukan ciniki ce, kuma ni ma babur nake hawa, don haka kowane ɓangare na tambayarka ya shafe ni. Abin da ya kore ka daga shafin shi ne mafi sauƙin haɗari cikin abubuwa ukun da ka ambata. Kukis, wato 'yan guntayen rubutu da shafi ke ajiyewa a burauzarka, in sun yi ɓarna, tallace-tallace ne za su riƙa bin ka. Burauzar da ba ta dace ba tana iya jawo a cire maka kuɗi alhali oda ba ta shiga ba. Hular jabu kuwa ba ta nuna halinta sai ranar da kai ya daki kwalta, kuma a ranar babu damar mayar da ita.

Bari in fara da Opera Mini. Idan tana kan tsarin tsimin data mai tsanani, ba a cikin wayarka take buɗe shafi ba. Adireshin da ka rubuta yana tafiya zuwa kwamfutocin kamfanin Opera, su ɗauko shafin, su sarrafa shi, su matse shi, sannan su aiko maka da shi a taƙaice. Shi ya sa take sauri ko a inda sabis ya yi rauni, shi ya sa kuma data ke auki a kanta. Wajen karanta labarai ina yaba mata. To amma shafin ciniki na yau ya wuce rubutu da hotuna. A cikinsa akwai ƙananan umarni da ake rubutawa da JavaScript, waɗanda dole su yi aiki a wayarka a daidai lokacin da kake taɓa allo: ka zaɓi girman hula farashi ya canja, ka danna kaya ya faɗa kwando, ka sa lambar kati tagar banki ta buɗe tana jiran OTP. A Opera Mini can wajen kamfanin ake gudanar da waɗannan umarnin, na 'yan daƙiƙoƙi, sai a tsayar. Daga nan ne kake ganin maɓalli, ka danna, ya yi shiru. Mai shafin da ya fito fili ya ce maka burauzarka ba ta dace ba gata ya yi maka, domin akwai shafukan da ba sa faɗa, sai ka kai wajen biya su maƙale da kuɗinka a tsakiya.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba na biyan kuɗi a wannan tsarin. Bayanan da ake ƙullewa tsakaninka da shagon ana kwance su a kwamfutocin Opera kafin a sake ƙulle su a tura. Ban ce suna taɓa komai ba, sai dai lambar katin banki ba ta da dalilin ratsa hannu na uku. Ka bar Opera Mini don karatu, ciniki kuma ka yi shi a Chrome ko Firefox ko Samsung Internet da aka sabunta.

Ka kuma duba shekarun wayar kanta. Tun watan Agustan 2025 sababbin nau'o'in Chrome suna buƙatar Android 10 zuwa sama, don haka mai Android 8 ko 9 ya daina samun gyare-gyaren tsaro a kansa ko da shafuka na ci gaba da buɗewa. Wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 matsalarsu ta fi haka: ba su san takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt ba, wato shaidar da shafi ke nuna wa burauza don tabbatar da kansa, wadda ɗimbin ƙananan shaguna ke amfani da ita, sai su riƙa nuna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne. Firefox na zuwa da nata jerin takardun shaidar, takan kuma daɗe tana riƙe da tsofaffin wayoyi fiye da Chrome. Kafin ma ka zargi waya, duba kwanan watan da ke kanta. Wayar da agogonta ya koma baya bayan batir ya mutu takan ga kowace takardar shaida a matsayin marar inganci, kuma gyara kwanan wata kaɗai ke warware matsalar.

Idan ta hanyar talla a Facebook ko Instagram ko TikTok ka isa shagon, shafin a cikin ƙaramar burauzar manhajar yake buɗewa. Nan ma biyan kuɗi kan sarƙe lokacin da aka tura ka zuwa shafin banki a dawo da kai, ga shi kuma mai manhajar yana da damar ganin abubuwa da yawa na zirga-zirgarka. Taɓa ɗigo ukun da ke sama ka mayar da shafin Chrome. Wani lokacin kuma laifin ba na burauza ba ne sam. Wasu shagunan Amurka da Turai sun toshe ƙasashenmu gaba ɗaya, za ka ga saƙon hana shiga da lamba 1009 ko 1020. Kada ka wahalar da kanka da VPN, manhajar da ke sa waya ta nuna kamar a wata ƙasa take, a kansu. Kati na Najeriya, adireshin kai kaya na Najeriya, amma waya tana nuna Holan: na'urar tantance zamba takan ƙi irin wannan odar, wani lokacin bayan an riga an riƙe kuɗin.

Gargaɗi guda da nake so ka riƙe da kyau: shagon kirki zai ce maka ka sabunta burauzarka, ya tsaya nan. Wanda ya ce ga maɓalli danna ka sauke sabuwa, fayil ɗin APK (fayil ɗin girka manhaja a Android) ya fara sauka, to tarko ne, kuma ta nan ake shigar da manhajojin da ke karanta saƙonnin OTP. A Play Store kaɗai ake sabunta burauza.

Yanzu kukis. Shafin intanet ba ya tuna mutum. Duk danna da ka yi, a wajensa baƙo ne sabo ya zo. In da haka aka bar shi, da ka sa hula a kwando ka wuce shafin safar hannu sai kwandon ya koma fanko. Wani injiniya a kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ne ya kawo mafita a 1994, kuma ciniki ta intanet ne ya jawo buƙatar. Ka san mai gadin babura a bakin kasuwa: bai haddace fuskarka ba, ɗan katin nan mai lamba da ya ba ka shi ke gaya masa wane babur ne naka. Kuki shi ne wannan katin. Ɗan guntun rubutu ne da bai fi kimanin kilobait 4 ba, shafi ya ajiye a burauzarka, duk sanda ka dawo burauzar ta nuna masa. Ba manhaja ba ne. Ba ya iya buɗe hotunanka, ba ya karanta WhatsApp, ba ya shiga manhajar bankinka.

Damuwar tana wajen kukis ɗin da ba na shagon ba. Mafi yawan shaguna suna ɗauke da 'yan lambobin Google da Meta da wasu kamfanonin talla a cikin shafukansu. Su ma suna ajiye nasu, kuma da yake suna cikin miliyoyin shafuka, suna iya harhaɗa inda ka je jiya da abin da ka duba yau. Wannan ne dalilin da za ka duba hula da safe, da yamma ka gan ta a Facebook tana jiranka. Ba sa satar kuɗi, amma suna tara tarihin mutum ba tare da ya san iyakar inda zai kai ba, kuma ni ban yarda cewa sayen safar hannu ya ba wani kamfani a wata nahiya haƙƙin sanin abin da nake karantawa da dare ba.

Allon da ya tare ka dokokin Turai ne suka haife shi. An gyara dokar sirrin sadarwa ta Tarayyar Turai a 2009 aka wajabta neman izini, sannan dokar kare bayanai ta Tarayyar, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta tsaurara ma'anar izinin. A 2019 kotun Tarayyar ta yanke cewa akwatin da aka riga aka yi wa maki ba izini ba ne. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook saboda sun sa ƙin amincewa ya fi amincewa wahala. Wato allon tambayarka yake yi, kuma kana da damar cewa a'a. Danna "Reject all" in akwai, in babu ka shiga zaɓin saiti ka bar na dole kaɗai. Kwandonka ba zai zube ba, domin kukis ɗin kwando da na shiga asusu ba sa cikin waɗanda ake neman izini a kansu.

Kuskuren da mutane ke yi bayan sun ji tsoro shi ne su shiga saitin burauza su toshe kukis baki ɗaya, sannan su yi mamakin me ya sa ba sa iya shiga asusu. Na ɓangare na uku, wato waɗanda ba na shagon ba, su kaɗai za ka toshe, zaɓin yana cikin sashen sirri da tsaro na Chrome. Firefox na toshe masu bin diddigi da kanta tun 2019, Safari, burauzar iPhone, kuma ta rufe na ɓangare na uku tun 2020. Google ya yi alkawarin yin haka a 2020, ya yi ta ɗagawa, daga baya ya janye, don haka mai Chrome sai ya yi da hannunsa. Tagar Incognito tana goge kukis idan ka rufe ta, amma ba ta ɓoye ka daga shagon ko kamfanin layinka.

Kuki guda ne ke da haɗarin gaske: wanda ke shaida cewa ka riga ka shiga asusunka. Duk wanda ya same shi ba ya buƙatar kalmar sirrinka. Idan ka yi ciniki a kwamfutar kafe ko wayar aro, ka fita daga asusun kafin ka tashi, kada kuma ka bar ta ta ajiye katinka. Sai wani ƙaramin allo da mutane ke rikitawa da na kukis, wanda ke neman izinin turo maka sanarwa. Shi ne ke cika waya da saƙonnin ƙarya na "wayarka ta kamu da cuta". Hana shi a kowane shagon da ba ka sani ba.

Abin da ka rubuta da hannunka, suna da lambar waya da adireshin gida, ya fi kowane kuki nauyi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka haƙƙin janye izini, da ƙin tallan kai tsaye, da neman a goge bayananka, hukumar NDPC kuma ita ke karɓar ƙorafi. Shagon hula ba shi da abin yi da BVN ko NIN ɗinka. Duk wanda ya nema, rufe shafin.

Kan biyan kuɗi, kada alamar kwaɗo a gefen adireshi ta ruɗe ka. Ma'anarta kawai hanyar a ƙulle take, ba ta ce mai shagon mutumin kirki ne ba, 'yan damfara ma suna samun ta kyauta. Saboda wannan ruɗanin ne Chrome ya cire alamar a 2023. Ka karanta adireshin harafi-harafi, ka bincika shekarun sunan shafin ta WHOIS, wato rumbun da ke nuna ranar da aka yi wa shafi rajista, ka nemi adireshin shago na zahiri da sharuɗɗan mayar da kaya. Shafin da aka yi wa rajista wata biyu da suka wuce yana sayar da huluna masu tsada irin su Shoei ko Arai a kuɗin hular kasuwa, ai ka san araha ba ta ado. A gida, biya ta Paystack ko Flutterwave ko Interswitch ya fi tura kuɗi asusun wani mutum, domin akwai inda za ka kai kuka. Su sukan nemi PIN na kati a cikin tagarsu, wannan tsarin ƙasarmu ne, amma shagon waje ba ya nema, kuma babu mai hurumin tambayarka PIN ko OTP ta kira ko WhatsApp. Ni asusu daban nake amfani da shi, in zuba kuɗin kayan kaɗai. Idan an cire kuɗi shafi ya maƙale, kada ka sake biya. Ɗauki hoton allo, duba imel, ka tuntuɓi shagon da bankinka.

Ga kuma inda nake so ka fi ba wa lokacinka. Wani nazari na 2008 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hula ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da hular leburori don kauce wa kamu. Yawancin abin da ke rataye a shaguna yau bai wuce wannan da nisa ba: roba mai ƙyalli, da ɗan soso mai laushi a ciki. Abin da ke ceton ƙwaƙwalwa ba ƙoƙon waje ba ne. Wani farin abu ne mai tauri a ƙarƙashinsa, dangin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, mai kaurin santimita biyu zuwa sama. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun, kuma sau ɗaya yake wannan aikin. Saboda haka ba na goyon bayan hular gwanjo ko da sunan kamfaninta ya kai ina. Hular da ta taɓa faɗuwa da mutum tana iya zama sumul a waje alhali cikinta ya gama aiki.

Shaidar da na fi yarda da ita ita ce ECE, ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin sai an gwada hular a ɗakin gwaji kafin a ba da lamba. Ba a kan sitika take ba. Ɗan ƙyalle ne da aka ɗinke a jikin maɗaurin haɓa, da harafin E a cikin da'ira tare da lamba: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E9 Sifaniya, E11 Birtaniya. Wannan ƙasar da ta ba da shaidar ce, ba inda aka ƙera hular ba. A ƙasansa akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Ta 06 ce sabuwa, an ƙara mata gwajin bugu a karkace, irin wanda ke murɗa kai idan mutum ya zame a titi. Sai harafi: P na nufin makarin haɓar an gwada shi, J hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska, NP kuma tana da makari amma ba ya ba da kariya. Kafin ka biya, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton wannan ƙyallen na ainihin hular da zai aiko. Mai kayan gaskiya ba ya jin nauyin haka. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Alamar DOT ta Amurka kamfani ne da kansa ke shaida cewa ya cika sharaɗi, hukuma sai daga baya take zaɓar wasu ta gwada, kuma sitikar kowa na iya bugawa. Ita kaɗai ba ta ishe ni ba. Snell gidauniya ce mai zaman kanta da ke wallafa jerin hulunan da ta gwada. SHARP shiri ne na gwamnatin Birtaniya tun 2007 da ke ba huluna taurari ɗaya zuwa biyar, kana iya rubuta sunan samfurin a shafinsu ka gani kyauta, kuma a can za ka tarar wasu masu matsakaicin kuɗi sun doke masu tsada. Hulunan Indiya irin su Studds da Steelbird da Vega suna ɗauke da alamar ISI, shaidar inganci ta ƙasar Indiya. LS2 da HJC da MT suna da samfura masu ECE a farashin da ma'aikaci zai iya kaiwa, sai dai su ma ana kwaikwayonsu. Don hanyar Zariya zuwa Kaduna, da tireloli da gudu, mai rufe fuska gaba ɗaya nake ba ka shawara. Haɓa da muƙamuƙi na cikin wuraren da suka fi dukan ƙasa. Irin wannan hular takan kai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka, wadda aka rubuta gram 700 ka wuce ta. Zaɓi fara ko mai haske mai ƙofofin iska, gilashinta garau saboda tafiyar dare, ka kuma tabbatar ana samun gilashin canji, domin ƙurar hunturu na karce shi da wuri.

Girma kuwa da tef ɗin tela ake aunawa. Zagaya kanka da shi kimanin santimita biyu sama da gira, ta inda ƙeya ta fi tudu. Galibi 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL, amma ka bi jadawalin kamfanin da kansa. In akwai shago kusa da ke da samfurin, je ka gwada ko da a intanet za ka saya.

Idan daga waje za a kawo, lissafa kuɗin dako tun kafin ka ƙwallafa rai. Kamfanonin jigila na caji da girman kwali idan ya fi nauyi: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwalin hula mai 40 da 30 da 30 ya zama kilo 7.2 ke nan, alhali hular kilo ɗaya da rabi ce. Ƙara kuɗin kwastam, ka kuma tuna in ba ta shige ka ba kai za ka biya kuɗin mayarwa. Sau da yawa dillali na gida mai karɓar kaya in an dawo da su ya fi sauƙi ko da farashinsa ya ɗara.

Jaket ka nemi mai shaidar ƙa'idar Turai ta EN 17092, matakin A ko AA ya isa aikinka, kuma mai raga-raga ce za ka iya jurewa a zafin Maris da Afrilu. Wadda ta yi nauyi a gida za ta ƙare. Makaran kafaɗa da gwiwar hannu su kasance EN 1621-1, na baya EN 1621-2, mataki na 2 ya fi na 1 shanye bugu. In kuɗi bai kai ba, bayan hula safar hannu ce gaba, mai shaidar EN 13594, domin tafin hannu mutum ke fara kai wa ƙasa. Sai takalmi mai rufe idon sawu. Auna ƙirjinka da santimita, domin XL na shagunan Sin kan zo daidai da M ko L na Turai. Ranar Juma'a ko biki kuma a tattare babbar riga da kyau, sarƙa da tayar baya ba sa barin abin da ke lilo.

Ranar da kaya suka iso, ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif ɗin kwali, kada ka cire ko takarda ɗaya. Duba ƙyallen maɗauri ka gwada shi da hoton da aka turo maka, ɗaga soson ciki ka ga farin abin nan da kwanan watan ƙira, domin yawancin kamfanoni shekara biyar na amfani suke ba hula. Sa ta, ɗaure maɗaurin har yatsa biyu kawai ke shiga, ka kama ta ka juya hagu da dama: fatar kumatunka ta bi ta. Sa hannu ta ƙeya ka yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba, in ta fita ta yi maka yawa. Sabuwar hula takan ɗan matse kumatu, soson zai saki da amfani. Zauna da ita a ɗaki kamar rabin sa'a. In ta bar maka jan tabo mai zafi a goshi ko gefen kai, siffarta ba ta dace da kanka ba, kuma ƙarin girma ba zai gyara ba, wani samfurin za ka nema kafin kwanakin mayar da kaya su cika.